Gishirin da Umma Ta Goge

Shafi na 17

Da sunan Allah. Ku da kuka cika min waya da saƙo wai na bar Nora a tsaye a kan matakala, to ga ta nan ta ƙarasa hawa. Kada wanda ya ce ban gargaɗe shi ba.

Nora ta tura ƙofar suɗuh, wato saman benensu, ta tsaya cak.

Gari bai gama wayewa ba. Daga nan tudun Tandabawi, unguwarsu a Makka, ana hango hasumiyar agogon Harami da koren haskenta, amma ba can idon Nora ya je ba.

Mahaifiyarta ce, Umma Mairama, durƙushe a gaban tukwanen shuka. Ga galan ɗin Zamzam a gefenta, ga farin tsumma a hannu. Ta kama ganye ɗaya da yatsu biyu tana goge shi a hankali, sama da ƙasa, bakinta na motsi da salati. In ta gama sai ta matse tsumman a wata tsohuwar tasa, don Umma ba ta taɓa yarda ɗigon Zamzam ya bi magudana ba. Ta sake jiƙa shi, ta kama ganye na gaba.

"Umma."

Umma ta waigo da fara'arta.

"Au, kin tashi? Yau ba barcin Asabar?"

"Umma, me kike yi?"

"Ina gyara su ne. Ba yau manyanku za su zo ba? Su same su tsaf."

"Yau kaɗai kika goge?"

Umma ta yi 'yar dariya, irin ta wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye.

"Yau kaɗai? Ya binti, kullum ne. Da kin fita kama mota nake hawowa."

"Tun yaushe?"

"Tun suna da ganye bibbiyu."

Nora ta dafa bango. Ta sulale ta zauna a kan siminti.

Bari in tuna wa wanda ya manta. Waɗannan 'yan tsirrai shora ne, bishiyar nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar Bahar Maliya. Saiwarta ke riƙe ƙasa kada teku ya cinye ta, a ƙarƙashinta ƙananan kifaye ke girma. Shora tana shan ruwan teku, sai ta tofar da gishirin ta ganye, ya bushe fari fat a kai. Aikin Nora kenan a cibiyar binciken gaɓar teku da take samun horo. Ta kwaso iri daga gaɓa uku, ta jera su layi-layi a saman gidansu don su sha zafin Makka, tana ba su ruwa iri ɗaya. Da yamma in ta dawo sai ta tsinki ganye, ta ɗauraye shi, ta auna gishirin da ya fitar.

Layi biyu kullum fari fat. Layin da ta kwaso daga gaɓar Lis kuwa kore shar, gishirinsa ɗan kaɗan.

Wannan ne ya girgiza cibiyar. Aka ce ashe shorar Lis tun daga saiwa take tace gishiri, ita ya kamata a dasa a wuraren da gishiri ya fi yawa. Aka shirya tsinko irinta dubbai. Aka kuma ce wazifa ɗayan nan ta mai bincike da ta rage, wato gurbin aiki, Nora za a ba. Yau shugabar sashensu, Duktura Suhaila, za ta zo da shugaban kwamiti su gani da idonsu, shi kenan a tabbatar.

Ga kuma Umma da tsumma a hannu, a gaban layin Lis.

"Nora? Lafiya? Jiri ne?"

"Umma, layin nan kaɗai kike gogewa?"

"Shi kaɗai. Gwiwata ba za ta kai ni sauran ba."

"Don me?"

"Don me kamar yaya? Ba ke kika ce min daga Lis kika kawo su ba?"

"Na faɗa."

"To."

Umma ta faɗi "to" ɗin nan kamar ta gama bayani. Da ta ga 'yarta ta zuba mata ido kawai, sai ta ajiye tsumman, ta gyara zama da ƙyar.

"A Lis aka sauke kakarki Hajja Ɗaso. Kin san wannan. Daga Sawakin, can tsallaken teku, mai kwalekwale ya ɗauko su, da ya hango gaɓa ya ce kowa ya dira, ya juya abinsa. Ruwa iya ƙirji. Ina goye a bayanta, ko yaye ba a yi min ba. Ta ce ba ta ga gida ba, ba ta ga mutum ba, sai bishiyoyin nan a tsaye cikin ruwa. Reshensu ta riƙe ta fito. A inuwarsu suka yini har aka samu masu raƙuma."

"Na sani, Umma."

"Har ta rasu tana cewa bishiyar nan ce ta fara karɓar baƙuncinmu a ƙasar nan. Yau ga jikokinta sun zo gidana. In hau in gan su cikin rana, fuska duk ta yi fari kamar yaro mai zazzaɓi, in juya in sauka?"

Nora ta rufe ido.

"Lokacin da kika yi ƙyanda da me na goge ki? Ba Zamzam ba? Ga ki nan."

"Umma, na ce kada a taɓa su."

"A'a. Cewa kika yi kada a ba su ruwa. Ban ba su ba, wallahi ko ɗigo. Gogewa kawai na yi."

Gaskiyar Umma ce. Abin da Nora ta faɗa kenan, ba ƙari. Sau nawa Umma ta tambaye ta, wai me kike nema a jikin ganyen nan? Amsa ɗaya take samu: bincike ne, Umma. Ta yi wa masunta bayani, ta yi wa 'yan makaranta bayani, ta tsaya gaban manyan malamai ta yi da Larabci da Turanci. Matar da suke kwana gida ɗaya ce kawai ba ta taɓa zaunar da ita ta yi mata ba.

"Umma," in ji Nora, "gishirin nan shi nake aunawa."

"Wanne?"

"Wanda kike gogewa. Shi ne aikin. Shi ne binciken gaba ɗaya."

Umma ta dubi tsumman. Ta dubi ganyen da ke sheƙi. Ta dubi sauran layukan da suka yi fari.

Mace ce mai kaifin kai, ba ta buƙaci a maimaita mata ba.

"Wato abin da suke yabo..."

"Eh."

"Ba bishiyar ba ce."

"Hannunki ne, Umma."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Matar nan da gwiwa ta hana ta hawa shanya, matar da sai an tura ta a keke take ɗawafi, ashe watanni tana jan ƙafa tana hawa benen nan kowace safiya. Nora ta so ta yi fushi. Ta nemi fushin ta rasa inda za ta ɗora shi, sai kawai hawaye suka zubo mata.

A haka Munzali ya same su.

Yayanta ne, mai shagon kayan mota a unguwar Zahir. Ya hawo da ledar burodin tamis mai zafi a hannu yana kiran a zo a karya kafin waken ful ya huce.

"Daktorar taɓo! Yau ranarki ce, me kuma ya... Umma? Wa ya mutu?"

Ya dubi galan, ya dubi tsumma.

"Nora, yi min magana."

Ta faɗa masa. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ajiye ledar a kan tankin ruwa, ya je ya tura ƙofar benen ya rufe, ya dawo ya rage murya.

"Wa ya sani?"

"Mu uku."

"Halas, shi kenan. Mu uku ne, mu uku za mu tsaya."

"Yaya Munzali."

"Saurare ni. Umma ta daina daga yau. Su zo su gani, su ce mabruk su taya ki murna, ki karɓi wazifarki. In kin zauna daram sai ki sake gwajin a hankali, ki ce abin ya canza. Bincike ba ya canzawa ne?"

"Yana canzawa. Amma wannan ba canzawa ya yi ba."

"Ƙarya kika yi musu?"

"A'a."

"Kin ƙirƙiri wani abu?"

"A'a."

"To ina laifinki?"

"Jiya ba ni da laifi. Yau na sani."

Munzali ya yi tsaki, ya zagaya tukwanen, ya dawo.

"Kin san sau nawa na je Shu'aiba da motata na ɗebo miki ruwan teku? Bayan motar ya ci tsatsa, har yau warin kifi take. Ban taɓa ce miki komai ba."

"Ba ka taɓa ba."

"Kin manta abin da dangi suka ce? 'Yar Makka guda, mutane na sayar da gona su zo garinku, ke kin bar Harami kin tafi wasa da kaguwa. Wa ya tsaya miki?"

"Kai da Umma."

"Kin shiga taɓo har cinya. Sauro ya cinye ki. Kin dawo gidan nan da ƙafa a tsage, ni na kai ki aka ɗinke. Duk 'yan ajinku sun kama aiki a ofis mai sanyi, ke kina bin ruwa ya janye ki ƙirga saiwa. Yau an zo ba ki abin da kika wahala a kai, sai ki ce a'a saboda tsumma?"

Nora ta san duk abin da ya faɗa haka yake. Horonta ƙarshen watan nan zai ƙare. In wazifar nan ta wuce ta, akwai mutum biyu a bayanta suna jira, kuma ba a san ranar da za a sake buɗe wata ba. Ta san yadda za ta kasance: ta dawo gida da kwalin digiri, ta riƙa koyar da yaran unguwa darasi da yamma, teku kuwa sai dai in an je shan iska.

Kuma abin da Yaya ya faɗa mai yiwuwa ne. Ba wanda zai taɓa ganewa. Ta ji zuciyarta ta ɗan karkata, ba zan ɓoye muku ba.

"Yaya, ka san inda za su dasa su?"

"Ina ruwana."

"Wani fili ne kudu da Shu'aiba. Gishirinsa har ƙasa ta yi ɓawo. Ba a taɓa gwada dasa komai a wurin ba, sai da na ce shorar Lis za ta iya."

"Wataƙila ta iya."

"Wataƙila. Ban sani ba. A da ne na ɗauka na sani."

"To a gwada mana."

"Da iri dubbai? Iri sau ɗaya yake zuwa a shekara. In aka tsinke na Lis aka kai inda zai mutu, an yi asara biyu, can babu, nan babu. Masuntan da na roƙa su taya mu tsinka, ni na zauna a kan tabarmarsu na ce su yarda da ni."

"Bishiya ce fa, Nora. Bishiya!"

"Ita Hajja Ɗaso ta riƙe."

Munzali ya kau da kai.

Sai a lokacin Umma ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Ni zan faɗa musu."

"A'a, Umma."

"Ni na ɓata, ni zan faɗa. In ce tsohuwa ce jahila, ba ta san..."

"Kada ki sake kiran kanki haka." Nora ta matso ta kama hannayenta. Sun yi kaushi, gishiri ya tsattsaga bakin yatsun. Watanni tana ganin hannun nan a kan faranti, ba ta taɓa tambaya ba. "Aikina ne in kulle ƙofar nan. Aikina ne in yi miki bayani. Mai bincike ba ya barin gwajinsa inda bai san me ke faruwa da shi ba. Ko su ma abin da za su ce kenan, kuma sun yi gaskiya."

"Za su hana ki aikin?"

"Wataƙila."

"Saboda ni."

"Saboda ni, Umma. Ki yi min alkawari ɗaya. In sun zo ki gaishe su, ki ba su gahwa, ki zauna a ƙasa. Kada ki hau."

Umma ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta jawo tasarta da galan ɗinta, Munzali ya kama ta suka sauka. A bakin ƙofa ya waigo.

"Ki yi tunani. Kina da sauran lokaci."

Tamis ɗin nan a kan tanki ya yini, ba wanda ya ci.

Da hantsi baƙin suka iso, da yake sun yi sammako sun fara yin umara. Duktura Suhaila ce a gaba, doguwar mace 'yar Jidda, wadda ta fi shekara ashirin tana yawo a gaɓar tekun nan. Ita ta fara sa wa Nora takalmin roba a ƙafa, ta tura ta cikin taɓo ta ce in kin fito kina dariya ke tamu ce. A bayanta Duktur Yunus ne, shugaban kwamiti, dattijo marar yawan magana, kansa sabon aski.

Aka zauna a falo. Umma ta kawo gahwa da dabino.

"Hajja, kin haifi 'ya," in ji Duktura Suhaila da Larabcinta na Jidda. "Na koyar da ɗalibai da yawa. Wannan in ruwa ya janye da tsakar rana, ita kaɗai ce ba ta neman inuwa."

"Allah ya yi mata albarka," Umma ta ce, ba ta ɗago ba.

"Amin. Yalla, Nora, mu ga 'ya'yanki."

Munzali na tsaye a ƙofar falo. Da Nora ta zo wucewa ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa:

"Don Allah."

Ba ta dube shi ba. Da ta dube shi da ba ta iya hawa ba.

Rana ta riga ta buɗe a saman benen. Duktura Suhaila ta wuce layin farko, ta shafa ganye, ta nuna wa Duktur Yunus yatsanta fari. Ta wuce na biyu, haka. Da ta iso layin Lis sai ta tsaya, ta cire tabarau.

"Masha Allah. Duktur, zo ka gani. Ruwa ɗaya, rana ɗaya. Taɓa."

Ya sunkuya ya taɓa. Ya juya ganyen, ya duba bayansa.

"Ajib, abin mamaki," ya ce.

"Na gaya maka. Mutanenmu suna Lis tun jiya, gobe da safe za a fara tsinka. Ni dai a wurina magana ta ƙare. Nora..."

"Duktura."

"Na'am?"

Abin da ake so Nora ta yi bai fi ta yi murmushi ta ce na gode ba.

"Kafin ki ƙarasa, akwai abin da ya kamata ku sani. Sakamakon nan ba daidai ba ne."

Duktura Suhaila ba ta motsa ba.

"Ban gane ba."

"Ganyen layin nan goge shi ake yi. Kowace safiya, bayan na fita. Gishirin da nake aunawa da yamma na yini ɗaya ne, na sauran layukan kuwa na kwana da kwanaki ne. Shorar Lis ba ta bambanta da sauran ba. Ko ta bambanta, gwajina bai nuna ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Yau da asuba."

"Tun yaushe ake gogewa?"

"Tun farko."

Duktur Yunus ya miƙe tsaye a hankali, ya kakkaɓe hannunsa.

Duktura Suhaila ta tako har gaban Nora. Fuskar nan mai fara'a ta ɗaure tamau.

"Na tsaya gaban kwamiti na sa sunana a kan aikin nan."

"Na sani, Duktura."

"Na ce musu na yarda da awonki fiye da nawa."

"Ki yafe ni."

"Kin san abin da kika yi wa kanki yanzu?"

"Na sani."

"Da kin yi shiru, da ba mai ganewa."

"Bishiyoyin za su gane, Duktura. In an kai su filin can."

Wani abu ya gilma a idon matar, ya ɓace. Ni dai a nan na sara wa Nora. Yarinya ce da ba ta da wani babba da zai tsaya mata, ba ta da wani aikin da ke jiranta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Wa ya goge?" Duktur Yunus ne, karo na farko da ya dube ta.

"Laifina ne. Ban kulle wurin ba, ban yi wa mutanen gida bayani ba."

"Ba abin da na tambaya kenan ba. Dole kwamiti ya san ko ganganci ne. Wa ya goge?"

"Ba ganganci ba ne."

"Wa?"

"Duktur, gwajina ne. Duk abin da ya same shi ni ce."

"In ba ki faɗa ba, wasu za su ce ke kika goge da hannunki, da kika ga za a gane kika janye. Kin fahimci wannan? Ba wazifa kaɗai za ki rasa ba. Ba wata cibiya da za ta sake ba ki ko ganye ɗaya ki auna."

Wannan kam Nora ba ta hango shi ba. Ta tuna yatsun nan da suka tsage, ta tuna kalmar da Umma ta kira kanta da ita ɗazu. Ba za ta tsayar da mahaifiyarta gaban baƙi a yi mata kallon haka ba.

"Na fahimta," ta ce.

"Kuma ba za ki faɗa ba?"

"Ba zan faɗa ba."

Sai suka ji takun ƙafa a matakala.

Taku ne mai nauyi. A hau ɗaya, a huta. A hau ɗaya, a huta. Muryar Munzali na biye yana cewa Umma ki bari in riƙe miki, ana ce masa sakar min.

Ƙofa ta buɗe.

Umma Mairama ce, tana haki, gumi ya jiƙa mayafinta. Ta rungumo wata babbar kwalba a ƙirji da hannu biyu, irin wadda ake sayar da zaitun a ciki. Cike take har wuya da wani abu fari-fari mai ɗan duhu.

"Umma, na roƙe ki..."

"Kin roƙa. Ban amsa ba."

Ta tako har gaban baƙin, ta sunkuya da ƙyar ta dire kwalbar a gaban layin Lis. Ta miƙe, ta dubi Duktur Yunus ido cikin ido, ta yi magana da Larabcin Makka tsantsa, na wadda ta girma a lungunan Jarwal.

"Ni na goge. Da Zamzam na goge, don baƙina ne. 'Yata ba ta sani ba sai yau, kuma ɗana ya ce ta yi shiru ta ƙi."

Munzali ya sunkuyar da kai.

"Hajja," Duktura Suhaila ta nuna kwalbar, "wannan fa?"

"Ruwan da na matse ne. Zamzam ba a zubar da shi a magudana. Sai in bar shi a tasa rana ta shanye, abin da ya rage in kankare in zuba a nan." Ta ja numfashi. "Ga gishirinku. Tun ranar farko. Ban zubar da ko ƙwaya ɗaya ba."

Daga can ƙasa ana jin hon ɗin motocin alhazai.

Duktura Suhaila ta durƙusa. Ta buɗe murfin, ta sa yatsa, ta ɗanɗana a harshe. Ta ɗaga kwalbar ta jijjiga nauyinta a hannu. Ta daɗe a haka, tana duban gishirin, tana duban koren ganyen, tana duban tsagaggun yatsun tsohuwar.

Da ta miƙe idonta ya yi ja.

"Duktur, kira mutanen Lis. Kada a tsinki ko ɗaya."

Ya ciro waya ya koma gefe.

Umma ta laluba ta kama hannun 'yarta ta matse. Gishirin yatsunta ya shiga tafin Nora yana yi mata zafi, ba ta janye ba.

Duktura Suhaila ta mayar da murfin, ta rungumi kwalbar kamar yadda Umma ta rungumo ta. Sannan ta juyo.

"Ke kuma, Nora. Maganar wazifa..."